Inna Mai Shara da Gidajen Kwali

Kafin mu malamai mu iso, Inna Mai Shara ta gama da ofis da baranda. Ajin ƙananan yara take bari ƙarshe, don shi ne mai cin lokaci. A ƙuryar ajin akwai gari guda: gidajen kwali da yara suka jingina da kujeru, suka rufa musu tsohon labule. Inna takan durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta bi lungu-lungu da ƙaramar tsintsiya, ba ta ture ko kwali ɗaya.

Mun sha ganin rufi ya rufta lokacin hutu, yara su rugo wurinta.

"Inna, gyara mana!"

"Ni ce magininku? Me kuka ɗora masa?"

"Takalmin Dogo."

"To, ku je ku tambayi takalmin."

A haka suka gane nauyi yana son ginshiƙi. Suka koyi awo da tafin hannu, suka kuma koyi cewa mai riƙe da gefen labule ba ya saki don ya yi fushi.

Akwai wata yarinya da ake kira Auta. Tun da aka kawo ta, ba ta taɓa buɗe baki a aji ba. Amma in ta shige gidanta na kwali, Inna ta ƙwanƙwasa ta ce, "Masu gida, a shigo?" sai a ji 'yar murya daga ciki: "Ba za ki shige ba, kin yi girma."

Ƙarshen watan nan Inna za ta ajiye aiki. An bai wa wani kamfani sharar, kuma ƙa'idarsu kada komai ya kwana a ƙasa. Tun da ta ji, hankalinta bai kwanta ba. In aka kwashe kwalayen, a ina Auta za ta yi magana?

Makon jiya ma'aikacin kamfanin ya zo duba azuzuwa. Ya sa hannu ya ɗaga kwali. Inna na kallo, ga shi ba ta da ikon hana shi. Sai Auta ta rarrafo waje, ta miƙe.

"Kawu, gidana ne."

Duk ajin ya ji. Mutumin ya mayar da kwalin a hankali.

"Yi haƙuri, uwar gida, ban ga ƙofar ba." Ya juya wurin Inna, ya rage murya. "Ni dai ɗan aike ne, Inna. Abin da aka ce in yi, shi zan yi."

Inna, ke ce mai sharar da ta san abin da ba shara ba. Mun gode, Allah Ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi.

Iyaye da malamai, ku bar wa yara ƙuryarsu a gida, ku zo kuma mu roƙi kamfanin ya bar musu ta aji. Har yanzu ba a sauya ƙa'idar ba, wata kuma ya kusa ƙarewa. Auta ta faɗi nata. Saura mu.