Zygmunt da Kusoshin Farfesa

Ranar Talata muka binne Zygmunt Pasek. Shekara talatin da ɗaya muna aiki tare a ƙaramin zauren kiɗan nan na birnin Buffalo, ni ina shara da tsaron ƙofa, shi yana gyaran fiyano. Bai taɓa aure ba. Fiyanon nan shi ne iyalinsa. Ko kofin shayi ka ɗora a kai, kun ɓata ke nan har mako.

A 1966 aka gayyato Farfesa Treadwell, mai tsara sabon kiɗa. Kiɗan na mutum huɗu ne: mai fiyano, masu goge biyu, da wata mata mai yaga takarda. Kwana biyu Farfesa ya yi da rula yana cusa kusoshi tsakanin tsirkiyoyin fiyanon, don in an danna ya yi ƙara kamar tukunya ta faɗi. Ba wanda ya gaya wa Zygmunt.

Da safiyar Lahadi, ranar wasan, na same shi idonsa jawur, hularsa cike da kusoshi.

"Stan, dubi abin da 'yan iska suka yi masa. Arba'in da uku na ciro."

Farfesa ya shigo ya danna, fiyano ya ba da sauti mai daɗi. Sai ya dafe bango.

"Wa ya lalata mini kaya?"

Manaja ya dubi Zygmunt. "Ko ka mayar da su kafin ƙarfe uku, ko ka ajiye makulli. Masu gyara ba su ƙare a gari ba."

Zygmunt ya juya wajen Farfesa. "To ina takardar awon, Yallaɓai?"

"Tana cikin kaina," in ji Farfesa, "kuma ka fasa kan." Ya tafi ofis ya kwanta da jiƙaƙƙen tawul a goshi.

Zygmunt bai san wurin ko ɗaya ba. Ina riƙe da hula, yana sa kowace kusa inda ba za ta ji wa tsirkiya ciwo ba, yana cewa, "Yi haƙuri, tsoho, na yau ne kawai." Uku suka rage, ya zuba su aljihu.

Farfesa ya dawo ya danna, ido a rufe. "Ta bakwai ta ɗan goce. Sauran daidai."

Zygmunt ya ɗora mata yatsa, bai motsa ta ba.

"Yauwa," in ji Farfesa.

Mutum goma sha tara suka zo, har da ni. Jarida ta ce an daɗe ba a ji awo mai zurfin tunani irin wannan ba.

Daga nan duk mai sabon kiɗa da ya zo gari, Zygmunt yake nema ya sa masa kusoshi. Ya tsani aikin, amma bai taɓa ƙi ba, don ya san in ya ƙi da kansu za su cusa.

A asibiti, kafin ya rasu, ya riƙe hannuna da hannun nan nasa mai taushi. "Stan, kar ka bari su taɓa shi da kansu."

Asabar ɗin nan akwai wasa, har sun aiko da kwalin kusoshinsu. Zan tsaya kusa da fiyanon, Zygmunt abokina, amma ni shara na iya.