Amanar Mai Walda

A shekarar 2017 ne gidauniyar da ke tallafa wa iyalan masu wani ciwon gado, irin wanda ba kasafai ake ganinsa ba, ta ƙara kujera guda a kwamitin amintattunta, aka ba wani mai walda. Ciwon yakan shanye ƙarfin tsokar yaro sannu a hankali, kuma ba ya bayyana sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayarsa a jini. Shi ne ya yi ajalin ɗan mai waldan na fari. Tun daga nan, duk keken guragun da aka kawo rumfarsa, yakan jingine ƙofofin da yake ƙerawa ya fara da shi.

Ranar da ya kama aiki, shugabar kwamitin, wata tsohuwar lauya, ta dube shi ta saman tabarau.

"Abin da ka gani a gidan mutane, a bakin ƙofarsu za ka baro shi. Ko matarka kada ta ji."

"Ranki ya daɗe, ni da ƙarar ƙarfe ta kurmanta, me zan ji balle in faɗa?"

Aka yi dariya. Ya riƙe amanar shekaru, bai taɓa jin nauyinta ba.

Cikin gidajen da yake ziyarta akwai na wata gwauruwa a saman bene. A ƙuryar ɗaki take ɓoye ƙaramar 'yarta mai wannan ciwon, labule a sauke kullum, ko maƙwabta ba su san da yarinyar ba. Can ya je ya gwada ta, ya ƙera mata kujera. A bangon falo akwai hoton babban ɗan matar, wanda ke aiki a wani gari.

Wata Asabar autarsa ta kawo saurayin da take so rumfa don ya gaishe shi. Mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa, sai ya ga mutumin hoton nan durƙushe a gabansa. Wutar da ke hannunsa ta mutu.

"Ku nawa ne a ɗakinku, yaro?"

"Ni kaɗai ne, Baba."

Mai walda ya tafi wurin Lauya. Ba ta bari ya ambaci gidan ba. Ta ce ranar da sirrin gida ɗaya ya fita daga bakin amintacce, ranar sauran gidajen za su rufe ƙofa, yaran da ke ƙurya su rasa mai leƙa su. Ya hau benen, ya roƙi uwar ta sauke masa amanar. Ta tare bakin ƙofa da jikinta.

"Malam, kai ka binne naka, ka huta. Ni in maganar nan ta fita, wa zai ba ɗana mata?"

Sirrin da ya rage a hannunsa nasa ne, shi yake da ikon faɗa. Ya kira saurayin da Auta rumfa, ya kashe janareta, ya ba su labarin ɗansa tun daga ranar da ya fara faɗuwa har ranar da numfashi ya gagare shi. Bai rage komai ba. Sa'annan ya ce su je a gwada jininsu, su biyu.

Saurayin ya sunkuyar da kai.

"Allah ya jiƙansa, Baba. Mu dai a danginmu babu."

"Haba Baba," in ji Auta, "ka tsorata min shi tun kafin ya zauna!"

Amma ta je, don ta faranta wa mahaifinta. Gwajin ya nuna tana ɗauke da ƙwayar.

Yau mai walda yana nan a kwamitin, bai faɗa wa kowa komai ba. Uwar ta daina buɗe wa gidauniyar ƙofa. Saurayin ya ce zai yi gwajin idan ya sami hutu a wurin aiki, kuma sau biyu ke nan yana samun hutun. An sa ranar aure, Auta tana ta ɗinke-ɗinke.