Igiyar Nandawati

Shekara arba'in Wimalasena yana gini a ƙauyenmu na bakin teku, ba a taɓa jin bangon da ya ɗora ya tsage ba. Mutum ne mai tsadar magana da tsananin tsantseni. In ka kawo masa yashi, sai ya ɗanɗana a harshe. In ya ji gishiri ya tofar, ya sallame ka da harara. Saboda haka da gari ya yanke shawarar gina dagoba a bayan haikali, farar ƙubbar nan da ake rufe kayan tsarki na Buddha a cikinta, ba wanda ya tsaya tambayar wa zai ja ragamar aikin.

Aikin gayya ne. Kowace Lahadi da ranar cikar wata, masunta da malaman makaranta da masu hawan kwakwa sukan ja layi tun daga bakin titi, bulo yana tafiya hannu da hannu. Kafin mutum ya miƙa nasa, sai ya zana sunan mamacinsa a jiki da ƙusa, don ladan ya isa gare shi.

Ita ƙubba da igiya ake auna ta. A kafa turke a tsakiya, a ɗaura igiya mai ƙulli a baki, duk bulon da za a ɗora sai ya taɓa ƙullin. An kawo wa Wimalasena sarƙar ƙarfe, ya ture ta da ƙafa. Ya fito da igiyar zaren kwakwa, ta ƙarshe da matarsa Nandawati ta tufka kafin ta rasu. Shi bai zana sunanta a bulo ba. So yake aikin hannunta ya taɓa kowane bulo na ginin.

Gefen gabas a damina aka ɗora shi, igiyar tana shan ruwa ana janta. Wata Lahadi Kusumalata mai sayar da kifi, wadda bakinta ya fi wuƙarta kaifi, ta ajiye kwandon yashi ta riƙe ƙugu, tana kallon yadda gefen ya turo waje.

"Kawu, wannan ƙubba taka cikin wata nawa ne da ita?"

Aka kwashe da dariya, ban da shi. Ya gwada igiyar da gorar awonsa, ya ga ta ƙaru da yatsa huɗu. Lahadi biyar na gumin mutane ke wurin, da sunayen mamatansu. In ya ce a rushe, suna iya watsewa, ko su kira ɗan kwangila daga birni ya gama musu.

"Shafen siminti zai rufe, Kawu," in ji wani masunci. "Wa zai sani?"

Wimalasena ya juya wajen babban malamin haikali, ya haɗa tafukansa.

"Ranka ya daɗe, laifina ne. Tun ina yaro na san zaren kwakwa yana miƙewa in ya jiƙe. Sani na yi, na kau da kai. Sai an sauke gefen nan duka."

Ni kaina na ji haushinsa a lokacin, don nawa bulon yana ciki. Sai Kusumalata ta gyara ɗaurin zanenta.

"Uwata tana jerin bulo na bakwai. Da ranta ma ba ta yarda ta zauna a karkace ba. Hau ka sauko min da ita, tsoho mai taurin kai."

Layi ya sake tsayuwa, wannan karon bulo yana saukowa. Wimalasena shi kaɗai ya kankare simintin kowane ɗaya, a hankali, don kada harafi guda ya goge. Da sarƙa ya sake ɗora su, kowa a mazauninsa.

Ranar rufe ɗakin kayan tsarki da ke cikin ƙubbar, mata suka cire 'yan kunne, maza suka zare zobba, ana sakawa ciki. Wimalasena ya zo da igiyar a naɗe cikin farin ƙyalle.

"Kawu, bayan duk wahalar da ta ba mu?" in ji Kusumalata, amma muryarta ta yi laushi.

Ya ajiye igiyar a ciki, ya daɗe tafinsa yana kanta.

"Shekara talatin muna tare da Nandawati, ba ta taɓa yarda da awona ba," ya ce. "Na ji daɗi da ta sake yi min gardama."