Rake Sha Ake Yi

Duk shekarun da na yi ina leƙa bakunan mutane, ban taɓa mantawa da ranar da wata tsohuwa a ƙasar Makarfi ta koya mini Hausa ba, ni da nake taƙama da ita.

Lokacin ina babban jami'in lafiyar haƙori, aka tura mu ƙauyukan Ikara da Kudan da Makarfi mu auna yawan ruɓewar haƙori. Ga waɗanda ba su san aikin ba, hannu biyu ne. Mutum ɗaya yana duba baki da ƙaramin madubi da tocila, ya ƙirga haƙorin da ya yi kogo, da wanda aka cire saboda ruɓa, da wanda aka yi wa ciko, ya haɗa jimilla. Ɗayan kuma yana riƙe da takardar tambayoyi: da me kake wanke baki, asawaki ko buroshi, wane ruwa kuke sha, me kake ci. Daga baya a gwama biyun a ga me ke kawo me.

Shugabanmu likita ne, Dakta muke ce masa. Mutumin kirki ne amma ba ya son wargi, kuma Hausarsa ta ciniki ce kawai. Saboda haka ni ya ba takardar na mayar da ita Hausa daga Turanci, ni ne kuma mai tambaya. Mai duba baki wata sabuwar ma'aikaciya ce, Hajara, wadda ba a tabbatar da ita a aiki ba tukuna. Rahoton Dakta ne zai sa a riƙe ta ko a sallame ta.

A wajen Ikara da Kudan komai ya tafi daidai. Da muka shiga wani ƙauye a Makarfi, lokacin rake ya nuna, sai ƙidayar Hajara ta yi sama, musamman a bakin yara. Takarduna kuwa, a gurbin "Sau nawa kake cin kayan zaƙi?" kusan kowa ya ce ba ya ci.

Ranar Litinin Dakta ya kira mu ofis, ya baza takardun a tebur. Ya ce mutanen da ba sa cin zaƙi ba za su yi wannan ruɓa ba, Hajara dai dattin goro take gani ta rubuta kogo. Zai soke ƙidayar ƙauyen, ya kuma rubuta cewa ba ta ƙware ba.

Hajara ta ce, "Yallaɓai, yara ne fa. Yaushe suka fara cin goro?"

Ya juyo ya tambaye ni ra'ayina. Na ce sabon hannu ne, yakan faru. Wallahi har yau in na tuna wannan amsa kunya nake ji. Ko sau ɗaya ban zargi takardata ba.

Da muka fito ta tare ni a baranda, idonta ya yi ja. Ta ce, "Malam, don Allah ka raka ni mu koma, ka duba da idonka. In na yi kuskure, ni da kaina zan ajiye aikin." Na amsa ne kawai don na rabu da ita.

Ranar Alhamis muka hau acaɓa muka koma. Na duba yara shida da ta riga ta duba. Kogo ne, babu tantama, ƙidayata da tata ba su saɓa ba. Muka shiga gaida wata tsohuwa da ta ba mu tabarma a zuwanmu na farko. Muka same ta a tsakar gida, ɓawon rake ko'ina, jikokinta kowa na tsotsar gutsuren mazarƙwaila, wannan dunƙulen sukarin da ake dafawa daga ruwan rake. Bayan mun gama gaisuwa na zaro takarda na sake karanta mata tambayar.

Ta ce, "Ɗan nan, ai na faɗa maka. Mu ina muka ga kayan zaƙi? Biskit da kek na 'yan birni ne."

Hajara ta nuna hannun yaran ta ce, "Iya, wannan fa?"

Tsohuwa ta dube mu kamar mun zo daga wata ƙasa. "Wannan ai sha ake yi. Rake ma sha ake yi. Ku ci kuka tambaya."

Na ce to sau nawa suke sha. Ta yi dariya ta ce wa zai ƙirga, daga safe har su kwanta, har a koko ake jefa musu.

Ni da aka haifa a Zazzau, na sha rake tun ban san kaina ba, amma da na zauna gaban Turanci sai na bi shi kamar raƙumi da akala. Alewa, shayi, lemo, rake, duk sha ake yi, duk sun zille ta ƙarƙashin tambayata.

Washegari na shiga wajen Dakta ni kaɗai na ce, "Yallaɓai, ba idon yarinyar nan ba ne, bakina ne." Na yi masa bayanin ci da sha. Nan take ya yage rahoton da ya fara rubutawa a kanta, ya ce duk ƙauyukan da muka bi sai an koma da gyararriyar tambaya, kuma ni zan koma. Na sha rana a bayan acaɓa har fatata ta gaya mini, ban kuwa yi ƙorafi ba.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu tasowa, mutanen karkara ba sa ɓoye mana komai, abin da ka tambaya shi za su ba ka. In baki da takarda suka saɓa, ku fara tuhumar takarda kafin ku tuhumi na ƙasa da ku. Kuma kada ku fita da tambaya sai kun karanta wa wata tsohuwa ta ji.

Hajara yanzu ita ke shugabantar sashen da na bari. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Sai dai duk shekara in rake ya nuna, sai ga ƙullin mazarƙwaila an kawo mini gida, da 'yar takarda a jiki: "Malam, a ci lafiya."