Tsakuwoyin Inna Hajara

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sale, kuma har yau in na tuna shi haushi biyu ke kama ni: na taurin kansa, da na rashin irinsa.

Shi ke rubuta awon auduga a wani ofishin gona kusa da garin Hajj Abdalla. Ina budurwa aka kawo musu makanar lissafi, mai hannun juyawa kamar keken ɗinki, tana fitar da doguwar takarda. Har kallo aka riƙa zuwa. Matanmu masu ɗibar auduga kuwa ba su bar hanyarsu ba: cikakken kwando, ƙwallon dabino ɗaya a gwangwani, rabin kwando, tsakuwa ɗaya.

Ranar biya, Inna Hajara, maƙwabciyarmu mai marayu huɗu, ta zazzage gwangwaninta a kan tebur, ta ce kuɗinta bai cika ba. Bashkatib, shugaban su Baba, ya kaɗa mata takarda, wai makana ba ta ƙarya. Baba ya zauna ya ƙirga. Ƙwallayen sun yi daidai da takarda, tsakuwoyin ne babu ko ɗaya. Ashe mai buga makanar ya ga rabi na ɓata masa lokaci, sai ya riƙa tsallake shi. Su wa ke kawo rabi? Tsofaffi da masu goyo.

Bashkatib ya ce aikin ya riga ya rufu, Baba ya sa hannu kawai. Baba ya ajiye alƙalami.

"Ya sheikh, ranar tsayuwa ba makana za a tambaya ba. Sunana ne a ƙasan takardar nan."

Aka sake lissafi da hannu, aka biya matan. Da kaka ta zagayo sai aka sallame shi, wai makana ta isa. Mun sha asida, tuwonmu na dawa, da miyar kuɓewa tsura a shekarar. Innata ta yi mako ba ta yi masa magana ba. Gadon ƙarfen da aka yi mini alkawari na aure ya koma angarib na igiya, kuma wallahi na daɗe ina jin zafinsa.

Watan jiya na je ofis karɓar haƙƙin marigayi mijina. Ma'aikacin ya juyo mini da fuskar kwamfuta, wai ta nuna an biya. Na tambayi wanda ya shigar, ya ɗaga kafaɗa. Ikon Allah! Yanzu kowa ya samu bangon laɓewa. Da Baba na nan, da ya ce bashkatib ya hayayyafa.

Bai bar mana gona ba, bai bar gida ba, maganar nan kaɗai ya bari. Na tura wa ma'aikacin takarda, na ce to, ɗana, rubuta cewa an biya ni, ka sa sunanka a ƙasa. Ya ɗauki alƙalami, ya dube ni, ya ajiye. Ya ce bari ya sake dubawa.

Allah ya jiƙanka, Baba. Na yafe gadon.