Bahon Mai Famfo

Duk layin babu mai kiransa da sunan yanka. Mai Famfo ake ce masa, har matarsa ma haka take kiransa in ranta ya ɓaci. Gajere ne mai kaurin yatsu, kullum gwiwoyin wandonsa a jiƙe saboda durƙuso a banɗakunan mutane. Wajen aiki ba shi da na biyu, amma magana sai an murɗo ta da ƙyar kamar famfon da ya yi tsatsa. Abu ɗaya ne ke kwance masa baki, shi ne bahon da ke bayan gidansa.

Bahon wanka ne na ƙarfe, irin dogon nan da mutum ke miƙewa a ciki. Wani otal ne ya cire ya yar, tun Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana rarrafe. Ya ɗauko shi a amalanke, matarsa har ta fara murna ta samu wurin wanki. Ina! Rami ya haƙa ya binne shi har baki, ya toshe magudanar, ya ɗebo laka da ciyawa da bado daga rafi ya zuba. Kifi ya yi niyyar kiwo, amma kyanwar maƙwabta ta raba gardama cikin 'yan kwanaki.

Sai dai lakar ta zo da baƙi. Wasu munanan halittu ne masu launin ƙasa, ƙafa shida, idanu ƙwala-ƙwala, suna rarrafe a gindin ciyawa. Ya so ya kwashe su ya zubar, ƙiwa ta hana shi. Wata safiya ya fito da jakar aiki a kafaɗa, sai ya ga ɗaya ta hau kara ta maƙale. Bayanta ya tsage, wani abu mai laushi ya zaro kansa a hankali, ya rataya, fukafukansa a cukurkuɗe kamar kayan da aka matse. Yana nan tsugune har suka miƙe suka bushe, abin ya tashi. Mazari ne. Ranar wata mata ta wuni ruwa yana malala a ɗakin girkinta tana tsine masa, shi kuwa ko a jikinsa.

Tun daga nan ya kamu. 'Ya'yansa maza ba su taɓa ganin abin kallo a baho ba, matarsa kuma ta ce a bar shi, wasu mazan abin da ya fi wannan muni suke ajiyewa a bayan gida. Auta ce kaɗai ta biye masa. Da ta yi wayo, ita ke bin kara tana tsince busassun ɓawon da mazarin suka bari, tana tarawa a gwangwanin madara. Shi ya nuna mata, a cikin kwalba, yadda ɗan mazari ke laɓewa shiru, sannan ya harbo haɓarsa ya cafke tsutsar sauro kafin ƙiftawar ido. Ita ta fara lura cewa wani jan namijin mazari sanda ɗaya yake sauka a kai, ya kori kowa ya dawo, ta sa masa suna Maigadi. Ita ta tambaye shi me ya sa macen ke taɓa ruwa da wutsiya tana tashi, ya ce ƙwai take ajiyewa. Takan kama masa fitila in yana gyara a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, suna hirar baho. Da aka kai ta gidan miji, gwangwanin ya zauna a kan tagarsa, ba mai taɓawa.

Shekarar da abin ya faru, mijin Auta ya yi tafiyar aiki, ta dawo gida da jaririnta. Damina ta kankama, sauro ya yi yawa a layin, yaron ya kwanta da zazzaɓi mai zafi har sai da aka kwana da shi a asibiti. Ya samu sauƙi, amma 'yan dubiya ba su bar maganar ba. Duk wadda ta shigo sai ta leƙa bayan gida ta riƙe haɓa. Makanikin da ke maƙwabtaka da su, wanda ya tara tsofaffin tayoyi har sun fi katanga tsawo, shi ya fi kowa zaƙewa. Ya ce a ba shi dama ya zuba baƙin mai galan guda, an gama.

Mai Famfo bai ga wanda ya isa ya ba amsa ba in ba Auta ba. Ya kira ta, ya ɗauko farin kwano ya kamfaci ruwan bahon ta wannan kusurwa da waccan. Babu tsutsar sauro ko ɗaya, sai ɗan mazari guda yana zare ido. Ya zagaya da ita bayan katanga ya karkata taya ɗaya a cikin kwanon, ruwan ya fito yana motsi da kansa don yawan tsutsar sauro. Ta daɗe tana kallo, yaron a kafaɗarta.

"Na gani, Baba," ta ce. "Ai ni na sani. Babu mai taɓa maka shi."

Ya yarda, kuma wa zai ga laifinsa? Ba wata ce ta faɗa ba, Auta ce.

Bayan kwana kaɗan ta same shi da safe ta ce surukarta ta kira, famfon banɗakinta ya ɓalle, ruwa har tsakar ɗaki, don Allah ya taimaka kada ta ji kunya. Gidan yana can ƙarshen gari, mota biyu ake shiga. Ya ɗauki jaka ya tafi ko shayi bai ƙarasa ba. Ya tarar da ruwan kuwa, amma da ya durƙusa ya haska, sai ya ga famfon lafiyarsa ƙalau. Notin gindinsa ne aka kwance, ga sabon shatin sifana yana ƙyalli a kan tagulla. Mutumin da ya tsufa a durƙushe ya san bambancin abin da ya lalace da abin da aka lalata. Ya ɗaure notin, ya ɗago, ya ga tsohuwar ta kasa haɗa ido da shi, sai cewa take ya zauna a kawo abinci, ina saurin me. Nan ya gane janye shi aka yi daga gida. Bai zauna ba.

Tun daga ƙofar gida ya jiyo warin. Ruwan bahon ya koma baƙi wuluk, ganyen bado ya yi lanƙwas, 'ya'yan mazari sun yi ta ƙoƙarin hawa kara suna zamewa, wasu sun riga sun taso ciki sama. Galan ɗin yana jingine da katanga, makanikin ko ɗauke shi bai yi ba. Matarsa ta shige ɗakin girki tana ta buga tukwane. Bai bi ta kanta ba, don ita ba ta yi masa alkawarin komai ba. Auta ya nema, ya same ta a bakin gado tana shayar da yaron.

"Ke kika sa aka kwance notin?"

"Ni ce, Baba."

"Amma kin ga kwanon da idonki."

"Na gani. Dangin ubansa ba su gani ba. Sun ce in yaron ya sake kwantawa, gidanmu ne ya jawo. Ɗana ne, Baba."

Da ba ta sani ba ne, da ya yafe nan take, don jahilci abu ne mai sauƙin yafewa. Amma ta sani sarai, ta fi kowa sani a duniya, kuma da hannunsa da sana'arsa ta kore shi daga gida. Wannan ne ya kasa yafewa. Tayoyin makaniki kuwa suna nan yadda suke, ba wanda ya ce masa uffan.

Ya yi niyyar kwashe man, ya wanke bahon, ya sake ɗebo laka. Washegari da hantsi ya fito da bokiti da tsumma, sai ga mazarin sun zo kamar kullum. Baƙin mai ya fi ruwa ƙyalli a idon mazari, shi ya sa suka ma fi na jiya yawa. Wata mace ta sauko ta taɓa da wutsiya, ta sake taɓawa, a na gaba fiffikenta ya kama. Ya tsamo ta da kara, amma ta riga ta zama tsumma. Ya ɗauki tawul yana kora, yana kaɗa hannu kamar mahaukaci, tsoho guda yana korar abin da ya shafe rabin rayuwarsa yana kira. Yana korar wannan, waccan tana sauka. Ya kwashe abin da zai kwasu, amma man ya shiga laka da tsatsar ƙarfen, da an zuba sabon ruwa sai ya sake tasowa yana walƙiya.

Da la'asar ya je ya ari shebur, ya fara cike bahon da ƙasa. Auta ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ya bari mana, ai za a iya gyarawa, ita da kanta za ta raka shi rafi. Bai juyo ba. Ya ce mata mazarin ba su san an zuba komai ba, wurin da suka yarda da shi ne, za su yi ta zuwa.

Ya gama, ya tattake ƙasar da ƙafa. Sandar nan kaɗai ya bari a tsaye, wani jan namiji ya zo ya sauka a kanta yana gadin busasshiyar ƙasa. Mai Famfo ya shiga ɗaki ya ɗauko gwangwanin madara daga kan taga, ya ajiye shi a hankali a kan akwatin kayan Auta, ya ce in ta tashi tafiya ta haɗa da kayanta.