Gaba Biyu a Kan Tudu

Duk ƙauyen nan na gaɓar tsibirin Jeju a Koriya babu wanda bai san bakin Bu Chun-ok ba. Tun tana budurwa take nutso a teku tana ciro dodon koɗi, da numfashinta ta raini 'ya'ya har ta aurar. Tsufa ne ya karya lagonta: gwiwa ta ƙi, ga ciwon ciki da aka kai ta asibiti a kansa. 'Yarta Hye-ran ta ce gyambon ciki ne kawai, a sha magani.

Mijinta Ko Man-sik magini ne na dutse, mutum shiru-shiru, sai ka yi rantsuwa sayen magana yake yi. Kwatsam ya tsiri hawa tudun da ke kallon teku, maƙwabta suka ce katangar kabari yake ginawa, irin ta dutse da ake kewaye kabari da ita a tsibirin. Chun-ok ba ta yi mamaki ba. Ya girme ta nesa ba kusa ba, ga tari kamar tsohuwar mota, dole ya shirya musu makwanci.

Da tsohuwar igiyar nutsonta ya zagaye turaku huɗu da ya kafa a kusurwoyin katangar, ya ƙulle inda ta haɗu, ya dawo da ita ya rataye. Tunda tudu ya fi ƙarfin gwiwarta, sai ta ɗauki igiyar ta auna da hannuwa. Gaba goma sha huɗu. Tsawon irin katangar nan da mijinta ke yi gaba biyar ne, ta san wannan kamar yunwar cikinta. Biyar nan, biyar can, goma ke nan, saura huɗu. A raba biyu, faɗi gaba biyu.

Ta sake aunawa, ƙullin bai motsa ba. Katangar mata da miji faɗinta gaba huɗu ne. Wannan wurin mutum ɗaya ne tak!

Yana shigowa ta wurga masa igiyar a ƙirji.

"Kai tsohon banza! Tun ina da haƙora nake dafa maka, ashe a kabari ma gudu na za ka yi? Ni a ina za a yar da ni, bakin hanya?"

"Maman Hye-ran, zauna."

"Ba zan zauna ba! Ka yi wa kanka ɗaki mai kallon teku, kai da ko ƙafa ba ka taɓa jiƙawa ba!"

Man-sik ya sunkuya ya ɗauki igiyar. Ya ce, "In nawa ya zo, a rushe gefe ɗaya a faɗaɗa. Na bar musu duwatsu a can."

Bakin Chun-ok ya mutu, abin da ƙauyen bai taɓa gani ba. Ta juya ta dubi kwalaben maganin da ke kan taga, sannan ta dubi mijinta. Ashe kabarin nata ne. Hawaye ne ke bin gemunsa.

Ta zauna a hankali, ta dafe cikinta.

"Ana ganin inda nake nutso daga can?"

"Ana gani," in ji shi.